Tsoron Bayan Haɗari Da Yadda Na Rabu Da Shi

Ya ku iyayenmu da malamanmu da 'yan'uwana ɗalibai. Da yawa daga cikinku za su tuna lokacin da aka dawo hutu a watan Satumba na 2023, na shigo makaranta hannuna na hagu rataye a wuya. Kowa ya yi mini jaje, kowa ya tambaye ni ya jiki, ni kuma na ce da sauƙi. Gaskiya na faɗa, amma ba duka ba. Karayar hannun ta warke cikin mako shida. Akwai wani ciwo kuma da ba a ɗaure shi da bandeji, wanda ya kai ni wajen wata bakwai, ban kuwa gaya wa ko ɗaya daga cikinku ba saboda kunya. Wannan ciwo shi ne tsoron babur.

Na ga ya kamata in yi bayaninsa a wannan mujalla tamu, domin a garin nan da wuya ka sami gidan da babu babur, da wuya kuma ka sami wanda bai san wani da ya taɓa faɗuwa ba. Nufina shi ne in bayyana mene ne wannan tsoro, daga ina yake zuwa, da kuma hanyar da na bi har na rabu da shi, ko Allah ya sa wani ya amfana.

Yadda abin ya faru

Gidanmu yana cikin gari, ba nisa da Ƙofar 'Yandaka, ƙofar nan da tarihi ya nuna ta nan Gwamna Lugga ya shigo Katsina a 1903. Wanda ya san wurin ya san yadda yake cika da yamma: babura, da Keke Napep, da motocin da ke fitowa daga wajen Batsari, da masu tura kurar ruwa, kowa yana neman hanya.

Wata ranar Laraba a cikin watan Agusta, an yi ruwa da rana an ɗauke, sai Inna ta aike ni in ɗauko ƙanena daga Islamiyya. Shekararsa takwas a lokacin, ni kuwa sha bakwai. Maimakon in tafi da ƙafa, sai na ɗauki babur ɗin Baba, alhali ba ni da lasin, ba ni da hular kwano, bai kuma san na ɗauka ba. A kan hanyarmu ta dawowa, muna dab da ƙofa, ina bin wata Keke Napep kusa-kusa, sai na hango wani abokina a gefen titi na ɗaga masa hannu. Kafin in maido idona, mai keken ya tsaya ɗaukar fasinja. Na damƙe birkin gaba da iyakar ƙarfina. Ashe ruwan da aka yi ya kwaso yashi ya shimfiɗa a kan kwalta. Tayar gaba ta zame, sai ga mu a ƙasa.

Ni na karye a wuyan hannu, salansa kuma ta ƙone ni a ƙwauri. Ƙanena ya bugi kwalta da goshi, ya fashe, aka yi masa ɗinki biyar. Mutanen wurin, Allah ya saka musu da alheri, su suka ɗauke mu zuwa asibiti. Har yau ban manta da farar rigarsa ta Islamiyya ba yadda jini ya ɓata ta. Da Baba ya iso bai yi mini faɗa ba. Ya dube ni, ya dubi ƙanena, ya ce, "Alhamdu lillahi da abin ya tsaya nan." Da ya doke ni ma da ya fi mini sauƙi.

Ciwon da ba a gani

Da aka cire mini filasta na ɗauka magana ta ƙare. Ran nan sai Yaya ya ce in hau ya sauke ni a makaranta. Ina ɗora ƙafa, ya ta da mashin, sai gabana ya yanke ya faɗi. Zuciyata ta shiga bugawa kamar ana daka, tafin hannuna ya jiƙe da gumi, bakina ya bushe, gwiwoyina suka mutu. Na sauka na ce na manta littafi a ɗaki. Tun daga ranar na zama gwanin kawo dalili. Kullum sai in fita da sassafe in tafi da ƙafa, in ce ina son motsa jiki.

Abin bai tsaya nan ba. Na daina bi ta Ƙofar 'Yandaka gaba ɗaya. In an aike ni wajen, sai in zagaya ta lunguna ko da tafiyar za ta ninka. In na ji ƙarar birki, ko ina cikin aji ne, sai in zabura. Da dare sai in yi mafarki ga bayan keken nan yana tahowa, in farka a firgice. Karatuna ya ja baya, don ba na samun barci sosai, kuma na zama mai saurin fushi, abu kaɗan sai in hau ƙannena da faɗa. Abin da ya fi damuna shi ne tabon goshin ƙanena. In muna cin abinci sai in sunkuyar da kai don kada in gan shi.

Kakarmu ta ce firgita ce, aka yi mini addu'o'i, na kuwa ji sanyi a raina. Wata maƙwabciyarmu ta ce ai iska ce ta shafe ni a bakin ƙofa. Abokai kuma, waɗanda suka fara ganewa, suka ce na zama matsoraci. Ni kaina na yarda da maganarsu, shi ya sa na ƙara ɓoyewa.

Mene ne wannan tsoro?

Malaminmu na ilmin halittu shi ya fara lura da makin da nake ci ya ragu. Ya kira ni bayan an tashi, ya tambaye ni. Na yi ta kewaye-kewaye, daga baya na tuna ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na kwashe duka na gaya masa. Bayanin da ya yi mini, da abin da na karanta daga baya, shi ne zan taƙaita a nan.

A can cikin ƙwaƙwalwar mutum akwai wani ɗan ƙaramin sashe da masana ke kira amigdala. Aikinsa kamar na mai gadi ne. Da ya hango haɗari ba ya jiran mutum ya yi tunani, sai ya buga ƙararrawa. Nan take wasu 'yan halittu biyu da ke zaune bisa ƙoda su saki wani sinadari mai suna adiranalin cikin jini. Shi ne ke sa zuciya ta yi sauri don jini ya isa ga gaɓoɓi, numfashi ya ƙaru, gumi ya keto, jijiyoyi su ɗaure, miyau ya ƙafe. Duk wannan shiri ne don mutum ya yi faɗa ko ya gudu. Wani masani ɗan Amurka, Walter Cannon, shi ya yi bayanin wannan tun wajen 1915. Watau abin da na ji a bayan mashin ɗin Yaya ba cuta ba ce, jikina ne yake ƙoƙarin tsare ni.

To, matsalar ita ce wannan mai gadi ba ya mantuwa, kuma ba ya tantancewa. Duk abin da ke wurin a ranar da aka ji ciwo yakan rubuta shi a cikin abokan gaba: ƙarar inji, ƙamshin ƙasa bayan ruwa, bayan Keke Napep, har da ita kanta ƙofar. Hausawa sun riga sun gano wannan tun da daɗewa, shi ya sa suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Malam ya ƙara da wani abu wanda shi ne ya fi ba ni mamaki. Ya ce duk ranar da na zagaye ƙofar, nakan ji sauƙi nan take, shi kuwa mai gadin sai ya ɗauka gudun ne ya cece ni. Gobe sai ya ƙara ƙarfin ƙararrawa. Ashe ni da kaina nake ciyar da tsoron kullum safiya.

Irin wannan hali yana samun mutane da yawa bayan haɗari, ko gobara, ko harin 'yan fashi, manya da yara, maza da mata, har da sojojin da suka dawo daga yaƙi. Ga yawancin mutane yakan ragu da kansa cikin 'yan makonni. In ya wuce wata guda yana hana mutum barci da aiki, likitoci suna lissafa shi cikin ciwon damuwar da ke biyo bayan tashin hankali, wanda likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa cikin jerin cututtuka a 1980. Yana da magani, kuma zuwa wurin likita saboda shi ba hauka ba ne.

Shawarwari biyu da ban bi ba

Da labari ya fita, shawara ta yi yawa. Wasu suka ce in hau kawai in kutsa cikin kasuwa da gudu, tsoron zai fita lokaci ɗaya. Wannan ganganci ne. Mai jin tsoro hannuwansa a sandare suke, idonsa a kafe yake wuri ɗaya, shi ne kuwa ya fi kowa kusa da sake faɗuwa. In ya sake faɗuwa kuma, tsoron ya ninka ke nan.

Wani kuma ya ja ni gefe ya ce akwai ƙwayar da in na haɗiya zuciyata za ta bushe. Jama'a, wannan ita ce shawarar da ta fi kowace muni. Ƙwaya ba ta cire haɗari, tana cire hankalin da zai ga haɗarin ne. Mun san samarin da suka fara da haka, yau ga su nan a bakin titi. Ba a banza Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a 2018 ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Hanyar da na bi

Malam ya ba ni labarin wata masaniya a Amurka mai suna Mary Cover Jones. A 1924 ta ba da rahoton wani yaro ɗan wajen shekara uku mai tsananin tsoron zomo. Ba ta jefa masa zomon a cinya ba. Takan ajiye shi a keji can nesa yayin da yaron ke cin abincin da yake so. Kullum sai a ɗan matso da kejin, har ranar da yaron ya kai hannu ya shafa zomon da kansa. Daga baya wani likita ɗan Afirka ta Kudu, Joseph Wolpe, ya tsara wannan dabara sosai a 1958, har yau kuma likitoci suna aiki da irinta. Asirinta shi ne a tunkari abin tsoron kaɗan-kaɗan, a tsaya a kowane mataki har zuciya ta lafa, sa'an nan a ci gaba.

Malam ya ce in fara gaya wa Baba. Na yi kwana uku ina juya maganar. Da na faɗa masa bayan sallar isha'i, sai ya yi shiru, can ya ce, "Ai na gani tun tuni, jira nake ka faɗa. Gobe ka je wajen kawunka." Ya kuma kafa mini sharaɗi: ba zan sake tuƙi a kan titi ba sai na cika shekara sha takwas na karɓi lasin, kamar yadda doka ta ce.

Kawu bakaniken babura ne, ya fi shekara ashirin yana wannan aiki. Ga matakan da muka bi, ni da shi:

Mataki na farko, zama a garejinsa. Mako guda ina zuwa bayan la'asar, ina miƙa masa sifana, ina jin ƙarar injuna. Ranar farko ban iya minti goma ba. Ranar ta biyar har na wanke filogi.

Mataki na biyu, hawa babur a kashe, yana kan jak. In riƙe hannuwa, in matsa kuloci, in taka birki, in sauka. Bayan kwana biyu aka ta da shi ina zaune, ba tare da an motsa ba.

Mataki na uku, tafiya da ƙafa ta Ƙofar 'Yandaka. Wannan ya fi mini wuya fiye da yadda na zata. Kawu ya raka ni ranar Juma'a da safe, lokacin da babu cunkoso. Muka tsaya daidai inda na faɗi. Ƙafafuna suka yi ta rawa, na ce mu tafi. Ya ce, "A'a, ɗana, tsaya tukuna. Ƙirga mini baburan da za su wuce." Na ƙirga har arba'in, babu wanda ya faɗi. Kafin in kai nan zuciyata ta koma daidai. A ranar na gane cewa tsoro yana da iyaka: yakan hau, ya kai ƙololuwa, in ba ka gudu ba ya sauko da kansa.

Mataki na huɗu, Kawu ya riƙa goya ni, da fari cikin unguwa, daga baya a kan babban titi.

Mataki na biyar, tuƙi a wani fili da babu kowa, kusa da Filin Polo. Giya ta ɗaya kawai, in tafi in tsaya, in tafi in tsaya. Sai zagaye, sai kewaya duwatsun da ya jera mini.

Mataki na shida, bayan na cika sha takwas na sami lasin a 2024, titunan unguwa da asuba. Na ƙarshe shi ne ƙofar da yamma.

Kada wani ya ɗauka abin ya tafi sumul. A mataki na biyar wata rana tayar baya ta ɗan ja yashi, na firgita, na yi kwana huɗu ban koma ba. Kawu bai yi mini dariya ba, sai ya maido ni mataki na huɗu muka sake tasowa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Sanin abin da ya ka da ni

Akwai wani abu da ya taimake ni daidai da matakan nan, watau fahimtar dalilin faɗuwata. Muddin ina ganin abin ya faɗo mini ne kawai daga sama, to kowane lokaci yana iya sake faɗowa, babu abin da zan yi. Tsautsayi gaskiya ne, ba ya kuma wuce ranarsa, amma da muka zauna da Kawu sai muka ƙirga kurakurai huɗu, dukansu nawa, dukansu kuma masu gyaruwa.

Na ɗaya, na matse wa na gabana. Malamin lissafi ya nuna mana cewa mai gudun kilomita 40 a awa yana cin wajen mita 11 a kowane sakan, mai gudun 60 kuwa wajen mita 17. In ka ɗauke ido na sakan ɗaya, ka yi wannan tafiya a makance. In kuma gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata kafin a tsaya yakan ninka huɗu. Don haka yanzu nakan bar ratar sakan biyu aƙalla tsakanina da na gaba, in da ruwa ko yashi in ninka.

Na biyu, na ɗauke idona daga hanya. Na uku, na fizgi birkin gaba lokaci ɗaya. Birkin gaba shi ya fi ƙarfin tsayar da babur, amma matsa shi ake yi a hankali ana ƙarawa, tare da na baya. In aka fizge shi a kan yashi taya takan kulle ta zame. Na huɗu, babu hular kwano a kanmu.

Kawu ya ƙara mini da biyu. Ya ce babur yana bin inda ido ya kalla, in ka kafa wa rami ido to cikinsa za ka faɗa, saboda haka ka dubi mafita, kada ka dubi abin da kake tsoro. Sa'an nan ya ce tun suna yara suke zuwa kallon wasan polo, wasan da marigayi Sarkin Katsina Alhaji Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya yi suna a kansa har ƙasashen waje. Ya ce ba ka taɓa ganin gwanin mahayi ya sandare a kan sirdi, da gwiwa yake riƙe doki, hannunsa a sake. Haka babur yake: matse tanki da gwiwa, saki kafaɗa, lanƙwasa gwiwar hannu kaɗan.

Game da hular kwano, na san yadda muke raina ta, wai zafi, wai nauyi. Da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa ta a watan Janairu na 2009, har ƙwarya wasu suka riƙa kifawa a ka don su ruɗi jami'ai. Amma ƙwarya ba ta tare kwalta. A Ingila, bayan wani shahararren soja mai suna T. E. Lawrence ya mutu a 1935 saboda raunin da ya ji a ka a haɗarin babur, ɗaya daga cikin likitocin da suka duba shi, Hugh Cairns, ya dage da bincike har rundunar sojan ƙasar ta wajabta wa masu hawa babur hular a 1941. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai kyau, in an ɗaure igiyarta daidai, tana iya rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin ɗari. Rahotonta na 2023 ya nuna mutane wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Watau mu ke nan.

In faɗuwar gaba ta zo

Har yanzu wani lokaci takan zo, musamman in an yi ruwa. Ga abin da nake yi. Kafin in hau nakan duba iskar taya da birki da fitila, in ɗaure hula, in karanta addu'ar hawa abin hawa. A Islamiyya an koya mana cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wani mutum ya ɗaure raƙuminsa tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah. Hula da birki su ne igiyar raƙumina.

In na ji zuciyata ta fara sauri ina kan hanya, sai in ba da sigina in sauka gefe in tsaya. In ja numfashi ta hanci ina ƙirga huɗu, in fitar a hankali ina ƙirga shida, kamar sau goma. Fitar da numfashi a hankali yana rage bugun zuciya. Ba na hawa in ban yi barci ba, ko ina cikin fushi, ko an makara ana gaggawa.

Akwai kuma ranar da ƙin hawa shi ne daidai. Wani ɗan tseren motoci ɗan ƙasar Ostiriya, Niki Lauda, motarsa ta kama da wuta a Jamus a watan Agusta na 1976, ya ƙone ƙwarai a fuska. Bayan mako shida ya koma tsere a Italiya ya zo na huɗu, daga baya kuma ya faɗa da bakinsa cewa tsoro ya kama shi sosai a ranar farko. A tseren ƙarshe na shekarar, a Japan, aka tsuge da ruwa, ya ga abin ya wuce hankali ya fita da kansa, ya rasa kambun duniya da maki ɗaya tak. A 1977 ya ci kambun. Wannan mutum ya ji tsoro, ya koma, ya kuma san ranar da zai ce a'a.

Kira ga iyaye da 'yan'uwa

Ya ku iyayenmu, in ɗanku ya yi haɗari, bayan an duba ƙashi a duba zuciya. In kun ga ya daina barci, ko yana zabura, ko yana kauce wa wata hanya, ku jawo shi a jiki ku tambaye shi. In abin ya wuce wata guda, ko yana ƙaruwa, a haɗa addu'a da zuwa asibiti. Wanda kuma ya bugu a ka, yana amai ko jiri ko yawan mantuwa, wannan ba na jira ba ne, a kai shi nan da nan. Ina kuma roƙonku ku riƙa ɓoye makullin babur daga yaran da ba su kai ba. Ni shaida ne.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, ku bar yi wa wanda ya faɗi dariya. Kalmar matsoraci da kuka jefe ni da ita ta ƙara mini wata biyu a cikin ɓoyo. Na yafe, amma kada a yi wa wani.

Ranar da na fara wucewa ta Ƙofar 'Yandaka ni kaɗai da yamma, a watan Maris na 2024, babu wanda ya san wani abu ya faru. Masu keke suna ta hon, mai rake yana ta ciniki. Na isa gida na kafe mashin, na zauna a zaure har hannuna ya daina rawa. Bayan kamar mako biyu sai ƙanena ya zo ya ce, "Yaya, yaushe za ka kai ni Islamiyya?" Na dubi tabon goshinsa, karo na farko ban kau da kai ba. Na ce masa sai Inna ta yarda, sai kuma an saya masa hula daidai kansa. Kuɗin da nake tarawa na sayen takalmin ƙwallo da su aka sayo ta.

Ina godiya ga Malam da Kawu da iyayena bisa haƙurin da suka yi da ni. Allah ya kiyaye mu daga tsautsayi da asara, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kai kowa gidansa lafiya, amin.